Sojan da ke zuwa bariki a ƙarshen mako kawai, zai iya yaƙi kuwa?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Na ji ana cewa wasu ƙasashe suna da sojojin ko-ta-kwana, mutum yana aikinsa na ofis ko kasuwanci, sai lokaci-lokaci ya sa kaki ya je atisaye. Yaya ake ɗaukar su, yaya ake tsara su, kuma makamansu a ina suke zama? Sannan idan sun fi araha, me ya hana ƙasa ta rage sojojin dindindin ta dogara da su?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, tambayarka ta yi ma'ana, kuma ɓangarenta na ƙarshe shi ne inda gwamnatoci da yawa suke yin tuntuɓe. Kafin a ɗauki ko mutum ɗaya, akwai abin da ya kamata hedikwatar soja ta fara amsawa kanta: wane aiki muke so mutanen nan su yi, kuma cikin kwana nawa muke so su kasance a shirye bayan an kira su? Duk sauran abubuwa, daga irin mutumin da za a ɗauka har irin bindigar da za a ba shi, daga wannan amsar suke fitowa. Rundunar da aka kafa don gadin gada da tashar lantarki a yankinta cikin awa 24 daban take da wadda ake so ta hau tankokin yaƙi ta tsallaka teku bayan wata uku.

Hanyoyin samun mutane uku ne a aikace. Akwai ƙasashen da ke da aikin soja na dole, irin su Finlan da Suwizalan da Isra'ila, inda matashi ke yin horonsa cikakke sannan a sallame shi ya koma gida amma sunansa na cikin rajista. Finlan, mai mutane wajen miliyan biyar da rabi, da wannan tsarin take iya tara sojoji 280,000 idan yaƙi ya tashi, alhali sojojinta na albashi ba su da yawa ko kaɗan. Akwai kuma tsofaffin sojojin dindindin da suka gama wa'adinsu, doka ta ɗaure su na wasu shekaru cewa za a iya kiran su. Sai na uku, wanda ina ganin shi kake nufi, wato ɗan sa kai da ke kawo kansa, kamar a rundunar National Guard ta Amurka ko Army Reserve ta Birtaniya, wadda kafin 2014 ake kira Territorial Army kuma asalinta tun gyaran da Haldane, sakataren yaƙin Birtaniya na lokacin, ya yi a 1908.

Shi ɗan sa kai, tantance shi ba ta da bambanci da ta kurtun soja na kullum, gwajin lafiya, gwajin ƙarfi, binciken hali. A Amurka horon farko ma tare suke yi da na dindindin, mako goma cur, sannan ya wuce makarantar sana'arsa. Bayan nan ne yake komawa tsarin ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara, wanda idan ka haɗa yana kamawa wajen kwana 39. A Birtaniya mafi ƙaranci kwana 27 ne ga yawancin rundunoni, wasu ƙwararru 19, kuma wanda ya cika kwanakinsa ya ci gwaje-gwajen shekara ana ba shi wani kuɗi na musamman da ba a cire masa haraji.

To amma ɗauka ba ita ce wahalar ba, riƙewa ita ce wahalar. Mutumin nan fa yana da iyali, yana da mai gida a wajen aiki, kuma yana da kwamanda, kowa na jan rigarsa. Idan ya dawo daga watanni tara a fagen daga ya tarar an ba wani kujerarsa a ofis, ba shi kaɗai ka rasa ba, duk abokansa da suka gani sun fasa shiga. Shi ya sa ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske suke yin doka a kai. Amurka na da dokar USERRA ta 1994 wadda ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da sojan bakin aikinsa da matsayin da zai kai da bai tafi ba, Birtaniya na da irin tata tun 1985, har ma tana biyan ƙananan kamfanoni wani abu duk wata idan an kira ma'aikacinsu. Kuma ko da dokar, idan kiran ya yi yawa mutane gajiya suke yi. Lokacin yaƙin Iraƙi an matse National Guard sosai har a Janairun 2007 sakataren tsaron Amurka na lokacin, Robert Gates, ya sa ƙa'ida cewa kira kada ya wuce shekara ɗaya, kuma a yi ƙoƙarin mutum ya samu shekara biyar a gida kafin a sake kiransa.

Wajen tsarawa, ana bin yanki ne. Kamfanin soja, wato ƙaramar ƙungiyar sojoji, a wannan gari, wani a garin gaba, hedikwatar bataliya a tsakiya, saboda wanda zai yi tafiyar awa shida don atisayen kwana biyu ba zai daɗe yana zuwa ba. Amfanin haka shi ne mutane sun san juna shekara da shekaru, sun san ƙasarsu, illarsa kuma idan rundunar ta gamu da mummunar rana, gari ɗaya ne zai kwashi makokin gaba ɗaya. Sannan abin da mutane ba sa gani daga waje, kowace runduna ta ko-ta-kwana da ke da rai tana da 'yan tsirarun ma'aikatan dindindin a cikinta, saje mai kula da horo, mai kula da sito, makanikai, magatakarda. Su ne ke shirya filin harbi, su gyara motoci, su bi takardun albashi a tsakiyar mako, don idan jama'a suka zo ranar Asabar a shiga aiki kai tsaye. Ni a ganina duk wanda ke son tsimi ya fara yanke waɗannan mutanen, ya kashe rundunar ne ba tare da ya sani ba, don kwana biyun nan za su ƙare a cike fom da neman makulli.

Yanzu ga tambayar ko za su iya yaƙi. Za su iya, amma ya danganta da aikin. Likita, ma'aikaciyar jinya, direban babbar mota, injiniya, masanin kwamfuta, waɗannan kullum suna atisayen sana'arsu ne a wajen aikinsu na farar hula, soja kaki da ladabin aiki kawai zai ƙara musu. Asibitin sojojin Birtaniya a Camp Bastion da ke Afganistan ya dogara ƙwarai da likitocin ko-ta-kwana da suka fito daga asibitocin gwamnati. Amma sarrafa birged guda, wato babbar runduna da ta haɗa bataliyoyi da dama, mai tankoki da igwa da sojan ƙasa su motsa tare cikin dare, wannan kwana 39 ba ya ba da shi. An ga haka a 1990, lokacin da Amurka ta kira birged uku na National Guard don yaƙin Kuwaiti. Birged ta 48 ta jihar Jojiya, wadda a takarda ita ce cikon runduna ta 24 ta sojojin dindindin, an tura ta hamadar Kalifoniya ƙarin horo, ba a tabbatar da shirinta ba sai 28 ga Fabrairun 1991, ranar da aka tsagaita wuta. Jarumta ba ta yi musu ƙaranci ba, lokacin horo ne tun farko ba a lissafa shi daidai ba. Daga baya da aka gyara, ana ba su watanni na shiri kafin tafiya, sun riƙe yankuna a Iraƙi kamar kowa.

Maganar kayan aiki kuwa, nan ne nake jin takaici sosai. Al'adar da aka saba ita ce sojojin dindindin su karɓi sabo, su miƙa wa na ko-ta-kwana tsohon, to ranar da aka haɗa su a fage sai rediyon wannan ya ƙi magana da na wancan, kayan gyaran motar wannan ba su shiga ta wancan. Majalisar Amurka ta ga haka har ta ware musu asusun sayen kaya na kansu tun farkon shekarun 1980, saboda kuɗin da aka zuba a babban asusu ba ya isowa gare su. Ba lallai ne kowace bataliya ta mallaki cikakken kayan yaƙi ba, ana iya ba ta kaso na horo, sauran a tara a babbar ma'ajiya, amma fa ma'ajiya aiki ce, sai an tada injin, an canza batir, an duba harsasai, an ƙirga. Isra'ila a Oktoban 1973 sojojinta sun amsa kira cikin sauri, suka tarar da wasu ma'ajiyoyin a hargitse, tankoki ba kayan da ya kamata su kasance a ciki. Rasha a Satumban 2022 ta sanar da kiran mutum 300,000, aka yi ta ganin waɗanda aka kira suna sayen rigar sulke da kayan magani da kuɗinsu, aka kuma kira wasu da ba su cancanta ba saboda rajistar ta tsufa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bindiga a ina take kwana? A yawancin ƙasashe a ma'ajiyar bariki, da lamba, da sa hannu wajen fita da shiga. Suwizalan ce ta shahara da barin soja ya ajiye bindigarsa a gida, amma ita ma tun 2007 ta daina ba su harsashin ajiyewa. Wannan ba ƙaramin batu ba ne ɗan'uwa, don abin da ya raba rundunar ko-ta-kwana da 'yan bindigar wani ɗan siyasa shi ne doka: wa ke da ikon kira, wa ke ba da umarni, wace kotu ce ke hukunta wanda ya yi laifi da kaki a jikinsa. Folan ta kafa rundunar tsaron yankunanta a 2017, Yukren kuma dokar irin wannan rundunar tata ta fara aiki 1 ga Janairun 2022, makonni kaɗan kafin mamayar Rasha, kuma duk da cewa tsarin bai gama tsayawa ba, samun doka da hedikwata a ƙasa ya sa dubban masu sa kai suka samu inda za su je su yi rajista.

Batun araha, e, a lokacin zaman lafiya sojan ko-ta-kwana ya fi sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba, tunda kwanakin da ya yi kawai ake biyansa, ba gidan bariki, ba ciyarwar shekara. Amma ranar da aka kira shi albashinsa ya zama na cikakken soja, ga kuɗin ƙarin horo, ga giɓin da ya bari a asibiti ko masana'antar da ya fito. Kuma wa zai horar da shi, wa zai tsare iyaka a makonnin da yake shiri, idan ka riga ka rage na dindindin? Idan kana son sanin ko wata ƙasa da gaske take, kada ka tsaya kan adadin da take faɗa, duba ko tana gwada kiran. Estoniya tana yin atisayen ba-zata da take kira Okas, a kira mutane ba sanarwa a ga nawa za su iso kuma cikin awa nawa. Finlan a 2015 ta aika wa mutum wajen 900,000 wasiƙa, tana sanar da kowa matsayinsa idan yaƙi ya zo, tana kuma neman ya gyara bayanansa idan sun canza.