Amsar Goggo kan tuwon birin da aka kawo tsaraba

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce maigidanki ya kai albasa Anacha, ya dawo da kwali guda na wani ɗan itace kore mai ƙayoyi masu laushi, cikinsa fari fat da baƙaƙen 'ya'ya. Inna, mahaifiyarsa, ta dube shi ta ce ita ba ta cin abin da ba ta gada ba, kuma kada a ba yara. Ke kuwa ranki yana so, kina tsoron saɓa mata, ga shi wasu sun fara laushi. Kina tambaya ko al'adarmu ta hana cin baƙon abu irin wannan, da kuma yadda za ki yi jam da shi, wato dafaffen ɗan itace da sukari irin wanda ake shafa wa burodi, kafin ya lalace.

Abin da kika kwatanta tuwon biri ne, wanda mutanen Kudu ke ce wa sawasop. Ɗan uwan gwandar daji ne da kuke tsinka a bayan gari a nan ƙasar Ringim, da kuma gwandar masar. Asalinsa daga tsibiran Karibiyan da tsakiyar nahiyar Amurka yake, ya zo ya samu wurin zama a Kudu saboda ruwan sama da laima. Halas ne, ana cin sa, kuma yana da daɗi: zaƙi da ɗan tsami, ga ƙamshi mai kama da na abarba.

Babu al'adar da ta hana Bahaushe cin baƙon ɗan itace. Da akwai, da ba mu ci mangwaro da goba da gwanda da tumatir ba, domin dukkansu zuwa suka yi daga wasu ƙasashe. Amma kada ki je wa Inna da wannan hujja kina neman kayar da ita. Buhari da Muslim sun rawaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, sai ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haram ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. To kin ga, wanda ya ƙi cin abin da bai saba ba bai yi laifi ba, wanda ya ci shi ma bai yi ba. Inna tana da damarta, ke ma kina da taki.

Inda al'ada take da magana shi ne wajen rabo. Tsarabar da ɗa ya shigo da ita gidan da mahaifiyarsa take, ita ake fara kai wa, ko da an san ba za ta ci ba. A ajiye kwalin a gabanta, ita ta ce a fitar wa wane da wance. Ina zargin rabin ƙin da ta yi daga nan ya taso, in har ɗakinki aka wuce da kwalin kai tsaye. In haka ne, gyaran mai sauƙi ne. Ki zaɓi mafi kyau guda biyu ki sa a kwano mai murfi, ki durƙusa ki ce, "Inna, ga naki, ki sa mana albarka." In ta ce ku ci, kin samu izini. Sannan ki fitar wa maƙwabta na jikin katanga, domin 'ya'yansu za su ga ɓawon a bola. Wanda ya nuna sosai kuwa, bayan kin cire 'ya'yan tas, ki fara ɗanɗana wa ƙaramin yaron gidan da ya riga ya fara cin abinci, da yardar Inna. Muslim ya rawaito cewa in aka kawo wa Annabi (SAW) nunan fari, yakan yi addu'ar albarka ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaran da ke wurin.

Maganarta kan yara kuma tana da tushe, ko ba ta san dalilin ba. Baƙaƙen 'ya'yan nan suna da guba. A wasu ƙasashe dakawa ake yi a kashe ƙwarƙwata da ƙwarin gona da su, kuma garinsu in ya shiga ido yana ƙuna ƙwarai. In yaro ya haɗiye guda ɗaya bai tauna ba, yawanci fita take yi, amma kada a tauna, kada a daka a turmi, kada a kai inji da su a ciki. Za ki kuma ji masu cewa shayin ganyensa yana warkar da ciwon daji. Ba a tabbatar da haka a jikin ɗan Adam ba. Abin da likitoci suka bayar da rahoto a 1999 daga tsibirin Gwadalup da ke Karibiyan shi ne wata cutar jijiya mai kama da ta makyarkyata, a tsakanin mutanen da suka daɗe suna yawan cin sa da shan ganyensa. Ci na marmari ba matsala, mayar da shi magani na kullum ne ban yarda da shi ba.

Yanzu batun nuna. Ɗanye yana da tauri, korensa mai duhu ne da sheƙi. In ya nuna, koren yakan yi haske ya karkata zuwa rawaya, ƙayoyin su ware su yi laushi, in kin danna da babban yatsa ya lotsa. Daga tsinka zuwa nuna kwana uku zuwa biyar ne a inuwar ɗaki, amma da ya nuna, kwana ɗaya ko biyu kawai yake ba ki a zafin nan namu. Kada ki sa ɗanye a firji, ɓawon baƙi zai yi kuma ba zai ƙara nuna daidai ba. Wanda ya yi baƙi-baƙi yana tsatstsafo ruwa yana warin tsami, ki zubar. Don jam ki haɗa nunannu da wanda bai gama laushi ba, domin wanda ya nuna lugub ba ya ɗaurewa da kyau.

Ki wanke, ki raba shi biyu a tsaye, ki cire farin ƙashin tsakiya, ki ɓare ɓawon da hannu don yana da ɗaci. Kowace ƙwaya tana cikin 'yar jakarta ta nama, sai kin matsa da yatsu take fita. Aikin zama ne, ki yi shi a faranti mai faɗi da hasken rana, ki sake bi a karo na biyu. Daga nan ki murza naman a kwando mai ƙananan ƙofofi don zare-zaren su ragu. Kilo ɗaya da rabi na ɗan itacen yakan ba ki kusan kilo ɗaya na nama. Da kin gama ki matsa lemun tsami a kai nan take, in ba haka ba zai fara komawa ruwan ƙasa tun kafin ki hura wuta.

Awon shi ne: nama kilo 1, sukari giram 750, ruwan lemun tsami cokalin cin abinci 3, ruwa rabin kofi. In babu sikeli, ki auna da kofi ɗaya tak: kofi 5 na nama, kofi 4 da rabi na sukari. Na san sukari ya yi tsada, amma nan ba wurin tsimi ba ne. Sukarin shi ke riƙe ruwan da ke ciki har funfuna ta rasa abin rayuwa, in kika rage shi sosai, cikin mako guda za ki ga fari-fari a saman kwalba. Kuma kada ki dafa fiye da kilo ɗaya da rabi a tashi ɗaya. Mai yawa yana daɗewa a wuta, launi ya yi duhu, ƙamshin ya tafi.

Tukunya ki nemi mai faɗi mai kaurin gindi, ta ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Ta baƙin ƙarfe ko ta dalma tsamin yana cin ta, jam ɗin ya yi toka-toka da ɗanɗanon ƙarfe. Kayan kada su wuce rabin tukunya, don yana tasowa yana tsalle, kuma ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi. Gawayi ya fi icce saboda hayaƙi. Ludayin katako ko muciya sabuwa za ki sa, ba wadda ta sha miyar daddawa ba.

Ki ɗora naman da ruwan a wuta kaɗan na minti 10 har ya saki. Ki zuba sukari, ki yi ta juyawa a wannan ƙaramar wutar har ki daina jin ƙaras-ƙaras a gindin tukunya. Wannan wuri ne mutane suke gaggawa, sai bayan sati biyu su tarar sukari ya dawo tsakuwa-tsakuwa a kwalba. Bayan ya narke duka sai ki ƙara wuta ya tafasa sosai, minti 15 zuwa 25, kina juyawa har gindi ba tsayawa. Tuwon biri yana da kauri da zare, saurin kamu gare shi, kuma in ya yi ƙauri babu gyara, sai dai ki juye na sama a wata tukunya ba tare da kin kankare ƙanzon ba. Farar kumfar da ke taruwa a gefe ki kwashe.

Masu ma'aunin zafi suna sauke shi a digiri 105. Ke ki ɗebo ruwan randa mai sanyi a kofin gilashi, ki ɗiga jam ɗin a ciki. In ya watse ya gauraya da ruwan, da saura. In ɗigon ya sauka ƙasa a dunƙule, ya yi, ki sauke nan take, domin zai ƙara kauri in ya huce. In washegari kika ga ya yi ruwa, ki mayar wuta da ƙarin cokali ɗaya na lemun tsami, ko ki dama cokali biyu na farin garin 'ya'yan kuka, irin wanda ake sa wa nono, ki tace ki zuba, yana taimakawa wajen ɗaurewa. In kuma ya yi tauri kamar alewa, kin wuce da shi ne, ki zuba ruwan zafi kaɗan ki ɗumama.

Kwalba ta gilashi mai murfin ƙarfe marar tsatsa ake so, ba roba ba. Ki dafa kwalaben da murafansu minti 10, ki kife su a kan tsumma mai tsabta su tsane, kada ki goge cikinsu. Ki zuba jam da zafinsa a kwalba mai ɗumi, don mai sanyi fashewa take yi. Ki bar sarari kamar santimita ɗaya a sama, ki goge baki, ki rufe. Sai ki shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ki jera kwalaben, ruwan zafi ya rufe su, su tafasa wasu minti 10. In sun huce za ki ga tsakiyar murfin ya lotsa ciki, alamar ya kama. Wanda bai lotsa ba shi za ku fara ci. Awon da na ba ki yakan cika matsakaitan kwalabe uku.

Wanda ya kama, in yana wuri mai duhu da sanyi kamar kusa da randa, zai kai wata shida. Wanda aka buɗe kuwa, in babu firji, a cinye shi cikin mako, kuma da busasshen cokali kaɗai za a ɗiba. Murfi ya kumbura, ko kin ga ƙananan kumfa suna tasowa, ko funfuna a sama, ki zubar duka, kada ki kwashe saman ki ci na ƙasa. Yana shiga da burodi, da waina, da funkaso, kuma cokali ɗaya a cikin kindirmo yana gyara shi sosai.

Kwalbar farko ta Inna ce, ki kai mata da kanki tare da waina mai zafi, ki gaya mata kin cire 'ya'yan da hannunki. In tana da ciwon suga, ki gaya mata gaskiya cewa fiye da rabinsa sukari ne, ta tsaya a ɗan lasa. In ta ce ba ta so, ki ce to, kada ki nace. 'Ya'yan da kika cire ki haƙa rami ki binne inda yara da kaji ba za su kai ba. In maigidanki yana sha'awar shukawa, ya ware guda biyar ya sa a leda da ƙasa mai taki tun suna sabo, ya dasa da damina a inda katanga za ta tare masa iskar hunturu, ya kuma san cewa sai ya yi ta ban ruwa duk rani, shekara uku zuwa biyar kafin ya fara 'ya'ya.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida maigidan da yara.

Goggonki.