Filin Tambaya: In Kai Domen Ɗina Gwanjo, Ko In Sallama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A 2019 na yi rajistar domen, wato sunan shafin intanet, don sana'ar takalman fata da nake yi. Kalmomi biyu ne na Turanci, ƙarshensa .com. Sana'ar ta tsaya, amma ban daina biyan kuɗin sabuntawa duk shekara ba. Da na sa shi a Sedo, kasuwar cinikin domen ta intanet, wani ya taya dala 400. A makon kuma wani ya aiko mini da imel wai zai saya dala 15,000, amma sai na kawo takardar shaidar ƙimarsa daga wani shafi da ya nuna mini, kuɗinta dala 90. Abokina ya ce in rabu da su duka in sa shi a gwanjo, masu kuɗi su yi ta fafatawa. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai dala 15,000 ɗin nan, share shi. Tsohuwar damfara ce da aka daɗe ana yi wa masu domen. Shi da shafin da ya tura ka bakinsu ɗaya, dala 90 ɗinka suke so, kana biya ba za ka ƙara jin ɗuriyarsa ba. Mai saye na gaskiya in yana son sanin ƙimar kaya, da kuɗinsa yake bincike.

Yanzu maganar abokinka. Gwanjo ba ya ɗaga farashi sai an sami aƙalla mutum biyu da kowannensu ya ƙi haƙura. To su wa ke zama a gwanjon domen? Mafi yawansu 'yan sari ne, masu saye da araha su ajiye, su jira shekaru kafin wani kamfani ya zo nema. Farashin sari za su ba ka. Mai buɗe jaka ya biya da tsoka shi ne wanda sunan ya dace da kasuwancinsa, irin wannan kuwa ba ya yini yana gadin gwanjo. Ranar da buƙata ta kama shi yake rubuta sunan a burauza, ya ga na sayarwa ne, ya taya. Ina kyautata zaton mai dala 400 ɗinka irinsa ne, tunda shi ya neme ka.

Labaran da ke ruɗar mutane gaskiya ne. A 2019 kamfanin MicroStrategy ya sayar wa Block.one sunan Voice.com a kan dala miliyan 30. Sai dai kalma ɗaya ce tak ta Turanci da kowa ya sani, kuma ciniki aka yi tsakanin kamfanoni biyu, ba a gwanjo ba. Naka mai kalmomi biyu wani aji ne daban. Shiga NameBio, inda ake tara farashin sunayen da aka riga aka sayar, ka nemi masu kama da naka a tsawo da ma'ana. Abin da aka biya za ka duba, kada ka kula da abin da masu kaya suke faɗa da bakinsu.

Sedo, kamfanin Jamus da ke birnin Kolon, yana da wani tsari da ya kamata ka fahimta kafin ka danna komai. In an taya maka, kana iya tura sunan gwanjon kwana bakwai, tayin nan ya zama farashin farawa. Kowa na iya ƙarawa, kuma in aka ƙara a mintunan ƙarshe ana tsawaita lokaci. Amma ka lura: ranar da ka tura, ka riga ka sallama a dala 400 ɗin. In ba wanda ya ƙara, na mai tayin farko ne, ba ka da ikon cewa albarka. Daga ciki kuma za a cire la'ada. A manyan kasuwannin nan, Sedo da Afternic na kamfanin GoDaddy, la'adar tana bambanta gwargwadon hanyar da cinikin ya biyo. Ka lissafa ta tun kafin ka yi murna.

Ni da ni ne, ciniki zan fara yi. Da wuya tayin farko ya zama iyakar abin da ke aljihun mai saye. Ka mayar masa da farashinka, wanda ka ɗora a kan abin da ka gani a NameBio, ka bar wurin ragi. Akwai kasada, don da zarar ka faɗi naka, tayinsa na farko ya daina ɗaure shi, yana iya tafiya. In kuwa kuɗin kake buƙata yanzu kuma dala 400 ta ishe ka, tura shi gwanjon, ba abin da za ka rasa.

In ka je gwanjo, wani zai ba ka shawarar ka sa ƙaninka ko abokinka ya riƙa ƙara farashi don a zuga masu saye. Kada ka yi. Kasuwannin suna rufe asusun wanda suka kama, kuma wannan shi ne najashi da Manzon Allah (SAW) ya hana: mutum ya ƙara kuɗin kaya alhali ba saye zai yi ba, don ya ruɗi wani.

Akwai abin da na fi jin tsoro a kan duk wannan, don na sha ganinsa a wurinmu. Da sunan wa aka yi rajistar? Da yawa daga 'yan kasuwarmu yaron da ya gina musu shafi ne ya sayi domen ɗin a asusunsa, da imel ɗinsa, su dai kuɗi suke tura masa duk shekara. In haka naka yake, a takarda ba kai ne mai shi ba, kuma ba za ka iya miƙa shi ba. Ka tabbatar kana iya shiga asusun kamfanin rajistar da kanka, ka cire makullin domen ɗin, ka karɓi lambar sirrin da ake mayar da shi wani kamfani da ita. Ka sani kuma, a ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen a duniya, sauya sunan mai rajista ko sauya kamfani na iya jawo kulle na kwana 60 da ba za a iya fitar da shi ba. Saboda haka gyaran nan kafin ciniki ake yin sa. Duba ranar ƙarewar wa'adi ma. In ta kusa, sabunta.

Sauran a gurguje. In akwai sunan wani sanannen kamfani a cikin kalmomin biyu, kada ka tallata shi, don tun 1999 akwai tsarin da mai alamar kasuwanci zai kai ƙara, galibi a WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, a karɓe sunan ba ko sisi. In ka taɓa buɗe imel da domen ɗin, ka cire shi daga asusunka na banki da Facebook da duk inda ka sa shi, domin sabon mai shi zai iya karɓar saƙonnin da ake aikawa can, har da na sauya kalmar sirri.

Batun kuɗi kuma, kada ka yarda mai saye ya ja ka WhatsApp wai a kauce wa la'ada. Kasuwar ce ke riƙe kuɗin har sai domen ya isa hannunsa, sannan ta sakar maka. In cinikin waje ne, akwai Escrow.com da ke wannan aikin. Tun yanzu ka duba ta wace hanya za su biya mutumin da ke Najeriya, ka tanadi asusun dala a bankinka, kuma sunan da ke asusun ya zo daidai da na katin shaidarka da na asusunka a kasuwar.