Jirgin yaƙi na gida ya makara da shekara goma: wa za a tuhuma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai bibiyar labaran tsaro ne, kuma wani abu ya daɗe yana ɗaure mini kai. Duk ƙasar da ta ce za ta ƙera jirgin yaƙinta da kanta, sai a sa rana, ranar ta zo ta wuce, a sake sa wata, kuɗin ya ninka. Amma ban taɓa jin an hukunta kowa ba. Shin aikin ne da wuya haka, ko cuwa-cuwa ce kawai? Kuma idan an makara, wa ya kamata a kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin da wuya, wannan ba shakka. Amma wuyar aiki ba ita kaɗai ke kawo makara ba. A ganina, mafi yawan jinkirin da kake gani an haife shi ne tun ranar da aka yi alƙawari, domin ranar da aka sa tun farko ba ta gaskiya ba ce, kuma da yawa daga waɗanda suka sa hannu sun san haka.

Bari mu ɗauki jirgin Tejas na Indiya, don shi ne ya fi nuna abin a fili. Gwamnati ta amince da shirin a 1983 da nufin samun wanda zai gaji tsofaffin MiG-21 da aka saya daga Tarayyar Sobiyet. Samfurin farko bai tashi sama ba sai 4 ga Janairu 2001. Runduna ta farko da ta karɓe shi an kafa ta a watan Yuli 2016, da jirage biyu kacal. Su kuwa MiG-21 da aka ce za a gada, sun ci gaba da tashi, suna faɗuwa suna cin rayukan matuƙa, ba a ajiye na ƙarshe ba sai Satumba 2025.

Idan ka tsaya a nan za ka ce sakaci ne tsantsa. To amma ka duba abin da aka ɗora wa injiniyoyin. An ce su ƙera gangar jirgi da haɗaɗɗun kayan zamani marasa nauyi, su rubuta manhajar da ke sarrafa tashi ta kwamfuta, su ƙera na'urar rada, sannan su ƙera inji, duk a lokaci guda, a ƙasar da ba ta taɓa yin ko ɗaya daga ciki a wannan mataki ba. Kuɗin aikin na sosai ma ba a sake shi ba sai 1993. Ana cikin haka Indiya ta yi gwajin nukiliya a 1998, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi, taimakon da kamfanin Lockheed Martin na Amurka ke bayarwa kan manhajar tashi ya yanke nan take. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Inji kuwa shi ne kabarin irin waɗannan shirye-shirye. Ƙasashen da ke iya ƙera injin jirgin yaƙi na zamani daga tushe ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha, sai China da ta sha wahalar shekaru kafin ta kai. Sirrin yana cikin ƙarfen fukafukan da ke juyawa a cikin injin, waɗanda dole su jure iskar da zafinta ya wuce wanda ke narkar da ƙarfen kansa, kuma wannan ilimi ba mai sayar maka da shi cikakke. Injin Kaveri da Indiya ta fara a ƙarshen shekarun 1980 ya fito da nauyi fiye da kima, ƙarfinsa bai kai ba, a 2008 aka raba shi da shirin Tejas. Abin mamaki, sun taɓa cin wannan tuntuɓen: jirginsu na Marut da ya tashi a 1961 an zana shi don gudun da ya ninka na sauti, amma ya ƙare rayuwarsa bai kai ga hakan ba saboda rashin injin da ya dace. Yau Tejas da injin F404 na kamfanin GE na Amurka yake tashi. An sa hannu kan kwangilar jirage 83 na sabon samfurinsa a Fabrairu 2021, kan kusan rupi biliyan 480, da alƙawarin fara miƙawa a farkon 2024, amma injin farko na wannan rukuni bai iso daga Amurka ba sai Maris 2025.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai nauyi. Ka ce a kama wani. To wa? Hukumar ADA ce ta zana jirgin, kamfanin gwamnati na HAL ne ke ƙera shi, wata cibiya daban ce ta yi injin, rundunar sojin sama ce ke faɗin abin da take so, ma'aikatar kuɗi ce ke sakin kuɗi. Ka tambayi maƙeri, ya ce sojoji sun yi ta sauya buƙatunsu. Ka tambayi sojoji, su ce dole su sauya tunda makamin da suka nema shekara goma da suka wuce ya tsufa kafin jirgin ya fito. Kuma duka biyun gaskiya suka faɗa, nan ne matsalar take. Jinkiri yana haifar da sauyin buƙata, sauyin buƙata yana ƙara nauyi, ƙarin nauyi yana neman injin da ya fi ƙarfi, a koma gidan jiya. Ga shi shirin yana ɗaukar shekara talatin, alhali jami'in da ke riƙe da shi shekara uku ko huɗu yake yi a kujerar. Wanda ya yi alƙawarin ya yi ritaya da lambar yabo tun kafin alƙawarin ya karye.

Babban mai binciken kuɗin gwamnatin Indiya ya fitar da rahoto a 2015 da ya lissafa wurare 53 da samfurin farko ya gaza cika abin da sojoji suka nema. Rahoto ne mai kyau, amma irinsa yana zuwa ne bayan an yi ɓarna, kuma ba ya korar kowa. Shi ya sa a 2025 babban hafsan sojin sama, A.P. Singh, ya fito fili ya nuna rashin gamsuwarsa da HAL, ya kuma yi ƙorafin cewa ana sa hannu a kwangila alhali an san ba za a cika wa'adin ba. Wannan magana tasa ita ce zuciyar al'amarin. Idan ka faɗi gaskiyar shekaru da kuɗi tun farko, ba za a amince da shirin ba, sai a je a sayo na waje. Don haka kowa ya rage lissafi, da sanin cewa idan aka yi nisa babu mai iya cewa a tsaya.

Kada ka ɗauka ciwon ƙasashe masu tasowa ne. Amurka ta ba Lockheed Martin kwangilar jirgin yaƙi na F-35 a 2001, ta fara ƙera jiragen da yawa tun ba a gama gwaji ba, cinikin biri a sama, sannan ta dawo tana biyan kuɗin gyara waɗanda aka riga aka ƙera. Izinin ƙerawa gadan-gadan bai fito ba sai Maris 2024, bayan an riga an miƙa kusan dubu. Bambancin shi ne can akwai abin da ke tilasta fallasa. Dokar Nunn-McCurdy ta 1982, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta ce idan farashin kowane guda ya haura ƙiyasi da wani kaso, dole a sanar da majalisa, idan ya kai kashi 50 cikin ɗari sama da ƙiyasin asali, ko dai a soke shirin ko sakataren tsaro ya tabbatar a rubuce cewa ba makawa sai da shi. F-35 ya faɗa wannan tarko a 2010, kuma a shekarar sakataren tsaro Robert Gates ya cire janar ɗin da ke jagorantar shirin, ya riƙe dala miliyan 614 daga kuɗin kamfanin. Ka ga ana hukunci, sai dai ba a soke shirin ba, don ya yi girman da sokewa ta gagara.

Sokewar ma ba sauƙi ba ce. Dick Cheney, sakataren tsaron Amurka na lokacin, ya soke jirgin A-12 na sojin ruwa a Janairu 1991 bayan ya gano an ɓoye masa girman matsalar, wasu manyan hafsoshi suka rasa muƙamansu, amma shari'a tsakanin gwamnati da kamfanonin ba ta ƙare ba sai 2014. Birtaniya ta soke jirgin Nimrod MRA4 a 2010 bayan ta kashe sama da fam biliyan uku, aka sassare jiragen, ƙasar ta zauna kusan shekara goma ba ta da jirgin sintirin teku nata. Gaba kura, baya sayaki.

Ni dai abin da zan tuhumi mutum a kai ba makara ba ce, ƙarya ce. Injiniyan da gwajinsa ya nuna fiffike na tsagewa, ya faɗa a kan lokaci, bai yi laifi ba, don amfanin gwaji ke nan. Idan ka hukunta shi, gobe ba wanda zai ƙara kawo maka mugun labari, kuma abin da ya faru da A-12 ke nan. Wanda za a kama shi ne wanda ya sa hannu a wa'adin da ya san ba zai yiwu ba, da wanda ya ga matsala ya rufe. Don a iya bambance su, sai ƙiyasin kuɗi da lokaci ya fito daga wata hukuma da ba ta da riba a amincewa da shirin, a rubuta sunan wanda ya nemi kowane sauyin buƙata da abin da sauyin ya ci, kuma a sami mutum ɗaya mai iko a kan zane da ƙira da kasafi, wanda zai daɗe a kujerar har sakamakon shawararsa ya riske shi.

Koriya ta Kudu ta gwada wani abu kusa da haka da jirginta na KF-21. An fara maganarsa a 2001, aka shafe shekara goma sha huɗu ana gardama kan ko zai yiwu, wato sun yi jinkirinsu tun kafin a zuba kuɗi mai yawa. Da aka sa hannu a Disamba 2015, sun rage buri: injin F414 na Amurka suka ɗauka, makamai a waje suke rataye a rukunin farko, sauran ƙwarewa aka bar wa rukunai na gaba. Da Amurka ta hana su fasahar rada, sai suka mai da hankali kan wannan suka yi tasu. Jirgin ya tashi a Yuli 2022, a wa'adin da aka tsara, kuma a Yuni 2024 aka sa hannu kan ƙera guda 20 na farko.