Ya ajiye sanda, me ya sa har yanzu ake gwada tafiyarsa?

Tambaya: Likita, ƙanena ya yi hatsarin mota wata biyar da suka wuce, ya bugu a ka. Yanzu yana takawa da ƙafarsa, amma duk zuwa asibiti sai an sa shi ya tsaya a kan soso ido rufe, ko ya yi tafiya yana lissafi. Mu dai gani muke ya warke. Mene ne amfanin wannan?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar'uwa. Ajiye sanda ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai takawa a shimfiɗaɗɗen daɓe, ga haske, ba kowa a gabansa, ita ce tafiya mafi sauƙi da zai yi.

Abu uku ke riƙe da mutum a tsaye: abin da ido ke gani, saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aikawa, da wani sashe can cikin kunne mai jin motsin kai. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su. Idan bugu ya taɓa ɗaya, sauran biyun kan rufa masa asiri, har iyali su ɗauka an gama. Shi ya sa muke rufe masa ido, mu kuma sa soso ya rikita abin da ƙafa ke ji, kunne ya rage shi kaɗai. A nan za ki ga wanda ya shigo garau ya fara tangaɗi, yatsun ƙafa na damƙar soson, hannu na laluben bango.

Lissafin kuwa, lafiyayye ba ya tunanin takunsa. Wanda ya bugu a ka sau da yawa hankalinsa kacokan yana kan ƙafa. Da an ce ya ƙirga daga ɗari yana rage uku-uku, sai taku ya gajarce, ko ya tsaya cak kafin ya ba da amsa. Mai wannan hali ina jin tsoron ya tsallaka titi shi kaɗai.

Muna kuma duba agogo: ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. Akwai kuma ma'aunin Berg na 1989, mai auna daidaiton tsayuwa, ayyuka 14, maki 56. Da tsofaffi aka yi shi, don haka saurayi kan cinye makin duka alhali da sauran rina a kaba. Ga irin ƙanenki na fi son ma'aunin HiMAT, wanda aka tsara a Ostireliya musamman don masu raunin ƙwaƙwalwa. Ya ƙunshi gudu, tsalle da ƙafa ɗaya, tafiya da baya, da hawa bene.

Abu ɗaya nake roƙo kada a manta. Ki tambaye shi ko ɗaki na juya masa na 'yan daƙiƙu idan ya juya a gado ko ya ɗaga kai sama. Bugu kan sa wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da yashi a cikin kunne su goce daga wurinsu, su jawo wannan jiri. Gwajin Dix-Hallpike, inda ake kwantar da mutum kai a juye ana duba idonsa, ke gano matsalar, kuma ana mayar da ƙwayoyin ta hanyar juya kai bisa tsari, galibi a zama ɗaya ko biyu.

Kafin zuwa na gaba, ku rubuta inda ya yi tuntuɓe a gida, da dare ne ko bayan ya gaji, ku kai wa likitan fisiyo, wato mai kula da motsa jiki. In kuwa ciwon kai ya tsananta, ko amai, ko yawan barci, ko tafiyar ta koma baya farat ɗaya, a kai shi asibiti nan take.