Sauya giyabos a akori-kura: wane rilis boris za a saka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Giyabos ɗin akori-kurata ya lalace, sai na samo wani na hannu mai giya biyar daga wata motar, kamfani ɗaya amma shekarun ƙira sun bambanta. Ramukan notinsa sun hau injin daidai. Bakanike ya ce a mayar da tsohon rilis boris tunda bai daɗe ba, mai sayar da kayan gyara kuma ya ce dole sai wanda ya dace da sabon giyabos. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai sayar da kaya ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma rabin zancen ya faɗa. Rilis boris, wato boris ɗin da ke danna murfin kuloci idan ka taka feda don kuloci ya saki, bawa ne mai iyayen gida biyu: jikinsa na giyabos ne, fuskarsa kuma ta murfin kuloci ce, wato faifan nan mai yatsu da ke matse kuloci a jikin filawul, babban faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan injin. Hawan ramukan noti bai nuna komai game da ɗayansu ba.

Fara da jiki. A gaban giyabos akwai wani bututun ƙarfe da shaf ke fitowa ta cikinsa, a kansa boris ke zamewa gaba da baya. Kaurin bututun nan ya kan bambanta daga giyabos zuwa giyabos. Idan ramin boris ya yi masa yawa, zai riƙa tafiya a karkace, yana cin yatsu gefe ɗaya, feda ta riƙa rawa a ƙafa. Idan ya yi kaɗan, ba zai shiga ba, wannan ma sauƙi ne, domin tun a ƙasa za ka gane. Duba kuma inda fok, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ke tura boris, ke kama shi, da ƙullin ƙarfen da fok ɗin ke juyawa a kai.

Akwai giyabos da ba shi da fok sam. M5OD na tsofaffin Ford Ranger, alal misali, famfon kulocinsa na ƙasa, wato wanda mai ke turawa ya motsa boris, a ciki yake, haɗe da boris, zagaye da shaf. Su kuwa W56 da R151F na Toyota Hilux fok gare su, famfon yana waje. Idan tsohon naka da sabon ba tsari ɗaya ba ne, to batun mayar da tsohon boris bai ma taso ba, har bututun mai da famfon sama, wanda feda ke dannawa, sai an sake dubawa.

Sai fuska. Murfin da bakin yatsunsa ke lanƙwashe yana son boris mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, mai miƙaƙƙun yatsu kuma yana son mai fuska a kumbure. Faɗin da'irar da ke taɓa yatsun ma dole ya yi daidai.

Inda aka fi yin asara shi ne tsayi, kuma a nan ba a aiki da ido. Bayan an ɗaure filawul da kuloci da murfinsa, gitta rula ta ƙarfe ka auna nisan da ke tsakanin fuskar injin, inda giyabos ke zama, da bakin yatsu. Sannan ka tura boris baya har ƙarshe, ka auna daga bakin kwanon giyabos, wato gefen da ke haɗuwa da injin, zuwa fuskar boris ɗin. Awo na biyu ya kamata ya fi na farko. A boris mai aiki da mai irin wanda ake saye daban a ɗora, masu ƙera shi sukan nemi rata wajen milimita 3 zuwa 5, amma abin da ke cikin takardar da ta zo da boris ɗinka shi ne hukunci. Dalilin ratar: yayin da kuloci ke cinyewa, yatsu baya suke dawowa, wajen giyabos. In babu wurin da za su koma, boris zai zauna yana danne su, kuloci ya fara zamewa a hawa da lodi, ya ƙone tun bai tsufa ba. In ratar ta yi yawa kuma, za ka take feda har ƙasa giya ta ƙi shiga, musamman ta ɗaya da ribas, kuma fistin ɗin ciki na iya wuce iyakarsa, robar ta fashe, man birkin da famfon ke aiki da shi ya jiƙa kuloci.

Tunda an buɗe, ƙirga haƙoran shaf ka auna kaurinsa. Giyabos NV4500 misali ne mai kyau: na Chevrolet da na Dodge mai injin dizal duk haƙora 10 ne, amma na farko inci 1 da 1/8, na biyu inci 1 da 1/4. Suna ɗaya, kuloci daban. Gwada kuma ƙaramin boris na tsakiyar karanshaf a kan bakin sabon shaf.

Game da tsohon boris, ko da komai ya yi daidai ni ba zan mayar da shi ba. Kuɗin sabo bai kai na aikin sake sauke giyabos ba. Je wurin mai kaya da lambar da ke jikin sabon giyabos, ba lambar shasin motarka kaɗai ba, ka tafi da murfin kulocin a hannu, kuma kada a ɗaura giyabos sai an rubuta awon nan biyu a takarda.