Alewar "sans sucre" da tsarin keto

Hajiya, kin tambaya ko alewar "sans sucre" (marar sukari) da ake sayarwa a kantunan Yamai ta dace da keto, wato tsarin cin abinci mai ƙarancin kabohaidiret (sitaci da sukari) da yawan mai. Ya danganta da abin zaƙin da aka sa mata. Juya ledar ki karanta. In maltitol ne, ki bar ta, yana ɗaga sukarin jini, in kuma aka sha da yawa ga kumburin ciki da zawo. Erythritol da stevia kam da sauƙi, kusan ba sa taɓa sukarin jini.

Masu keto galibi ba sa wuce giram 20 zuwa 50 na kabohaidiret a yini, don haka ki duba layin "glucides" a jikin ledar, shi ne kabohaidiret da Faransanci. Ni dai gara ɗan soyayyar gyaɗa in kwaɗayi ya taso. In kina da ciwon sukari, fara tuntuɓar likitanki.