Na Tafi Aikin Ceto, Za A Cire Kwanakin Daga Hutuna: Me Doka Ta Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo, kuma ina cikin 'yan sa-kai da ke taimaka wa NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, idan ruwa ya ci unguwa ko gobara ta tashi. A daminar bana na yi kwana uku ban je ofis ba, muna kwashe mutane da kayansu. Da na koma, shugabana ya ce ko dai a cire kwanakin daga hutuna na shekara, ko a yanke mini albashi. Yana da wannan hurumin? Ƙanena kuma yana aikin motar ɗaukar marasa lafiya, an kira shi yana tsakiyar hutu. Sauran kwanakinsa sun tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Amsar taka ta rataya ne a kan abu guda da ba ka faɗa mana ba: ka samu izinin shugabanka kafin ka tafi, ko kuwa?

Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ba ma'aikaci aƙalla kwanakin aiki 15 na hutu da cikakken albashi a kowace shekara, a sashe na 20. Yawancin ma'aikatun gwamnati suna ba da fiye da haka a ƙa'idojin aikinsu. Sashe na 23 shi ne naka. Ya ce idan ma'aikaci bai zo aiki ba saboda aikin gayya na sa-kai, ko wani nauyi na ɗan ƙasa, ko hutu na musamman, ba za a lissafa kwanakin cikin hutunsa na shekara ba, matuƙar ya tafi da izinin mai aikin. Ceto mutane daga ambaliya aikin gayya ne ƙarara. Idan an ba ka izini, shugabanka ba shi da ikon taɓa hutunka. Ko ka yarda da baki ka yafe kwanakin, sashe na 31 ya ce duk yarjejeniyar sarayar da hutun shekara ba ta da tasiri.

Albashi kuma maganarsa daban, kuma a nan 'yan sa-kai da yawa ke shiga matsala. Sashen ya kare hutunka, amma bai tilasta a biya ka kwanakin ba; ya ma ambaci cewa hutu na musamman na iya zama da albashi ko babu. Abin da zai raba gardama shi ne ƙa'idar aikin ma'aikatarku, ko yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙwadago ta sa wa hannu, da abin da aka rubuta a takardar izinin. A ganinmu wannan giɓi ne a dokar. Wanda ya tuna ambaliya da gobarar daren 3 ga Yunin 2015 a unguwar Circle a Accra ya san cewa kafin motar kashe gobara ta ratsa ruwa ta iso, mutanen unguwa ne ke fara shiga. Bai kamata mai wannan aiki ya dogara da halin shugabansa ba. Amma a yau haka abin yake.

Idan ka tafi babu izini, to ka yi fashin aiki ne a idon ofis, komai kyan dalilinka. Ka tuna kowane wata shugaban sashe ne ke tantance sunayen ma'aikatansa kafin ofishin Akanta Janar ya saki albashi, don haka yana da hanyar tsayar da kuɗinka. Kada ka yi jayayya a tsaye. Ka karɓo wasiƙa daga jami'in NADMO na gundumarku mai ɗauke da ranaku da wurin da kuka yi aiki, ka haɗa da takardarka ta neman a ɗauki kwanakin a matsayin hutu na musamman da albashi, ka kai ofishin kula da ma'aikata, a buga hatimin karɓa a kwafinka. Idan ka kira shugabanka ranar ko ka tura saƙo ta WhatsApp ya amsa, ka adana wannan. Shaida ce ta izini. In an ƙi, ka bi ta wakilin ƙungiyarku, sannan ofishin ƙwadago na Kumasi, sannan Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa.

Don gaba, ambaliya ba ta jiran a buɗe ofis. Tun kafin ruwan farko na watan Maris, ka nemi izini na tsaye a rubuce: cewa kana cikin 'yan sa-kai, za ka sanar da waya idan an kira ka, za ka kawo shaida bayan ka dawo, kuma za a biya ka kwanakin. Wannan jumla ta ƙarshe ita ake mantawa. In za ka samu a rubuta cewa ofis ne ya tura ka, ya fi, domin a lokacin kana bakin aiki ne, ba hutu ba. Bambancin yana bayyana idan ka ji rauni: dokar diyyar ma'aikata ta 1987 tana biyan raunin da aka samu a cikin aiki, kuma wanda aka bari kawai ya tafi zai sha wuyar nuna haka.

Ƙanenka kuwa bai yi asara ba. Sashe na 25 ya yarda a katse hutun ma'aikaci idan buƙata ta gaggawa ta taso, amma sauran kwanakin suna nan, zai ci su daga baya. Sashe na 26 ya ɗora wa mai aiki kuɗin da katsewar ta jawo, gwargwadon hankali, kamar kuɗin motar dawowa daga inda yake hutu da na komawa. Ya riƙe rasit, ya sa a rubuta ranar da aka kira shi a fayil ɗinsa. Wannan bayani bai shafi soja, ɗan sanda, ma'aikacin gidan yari da jami'an leƙen asiri ba, domin sashe na 1 ya fitar da su daga dokar. Nasu yana cikin ƙa'idojin rundunarsu.